Dokar Filayen Karkara ta 1998 da Makomar Baƙo

A zamanin Shugaba Houphouët-Boigny, ƙa'idar da ake bi ita ce gona ta wanda ya raya ta ce. Bisa wannan ne baƙi daga arewa suka kutsa dazuzzukan kudu maso yamma, suka dasa koko bisa yarjejeniyar baka da masu gari. Ranar 23 ga Disamba 1998 aka kafa dokar da ta keɓe mallakar filin karkara ga hukuma da 'yan ƙasa, aka bar wa baƙo haya kawai. A Nuwamba 1999 kuma rikicin Tabou ya raba dubban manoma 'yan Burkina da gonakinsu. Mu mazauna Adjamé da Treichville, wajibi ne mu tunatar da danginmu na ƙauye cewa alkawarin baka ba ya tsayawa gaban alƙali, sai takarda.