Daga Indararo Zuwa Kududdufi: Tarihin Hanyar Ruwa a Birnin Daura

Babu wani gari a ƙasar Hausa wanda tarihinsa ya rataya a bakin rijiya kamar Daura, domin kuwa duk yaron da ya zauna gaban malami ya ji yadda Bayajida ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwan da zai ba dokinsa, aka shaida masa ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin nan da ake kira Sarki, da yadda ya ɗauki guga ya tafi ya sare kan macijin, har Magajiya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga zuriyarsa kuma aka sami sarakunan Hausa. Malaman tarihi sun daɗe suna muhawara a kan abin da wannan riwaya ta ƙunsa, amma ko da wace fassara mutum ya ɗauka, ba zai musanta cewa mutanen da suka adana ta sun ɗauki buɗe hanyar ruwa a matsayin hujjar mulki ba. Sai dai riwayar ta tsaya ne ga yadda ake fitar da ruwa daga cikin ƙasa. Akwai rabin al'amarin da maroƙa ba su yi wa kirari ba, watau yadda ruwan sama yake sauka daga kan soraye, ya ratsa gidaje da lunguna, ya taru a kududdufi, ya nutse, sa'an nan ya komo wa mutane ta bakin rijiya.

Ƙasar Daura tana can arewa, daf da iyakar Nijar, ƙasa ce galibinta jigawa da rairayi, ba ta da kogin da ke gudu rani da damina. Ruwan shekara yakan sauka ne cikin kamar wata huɗu, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta, wani lokaci a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Daga nan sai sama ta ɗauke, a shiga kaka da hunturu da bazara babu ɗigo. Saboda haka mutumin da ya gina gari a irin wannan wuri yana fuskantar mas'aloli biyu masu karo da juna: lalle ne ya kori ruwa daga jikin gininsa da gaggawa, tun da ginin ƙasa ba shi da abokin gaba kamar ruwa mai kwanciya, kuma lalle ne kada ya kore shi da nisa, tun da nan da wata shida zai neme shi ido rufe.

Aikin yana farawa ne daga saman soro. Magini yakan shimfiɗa azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ya rufe da zana ko itatuwa, ya ɗora ƙasa, amma ba ya barin daɓen saman a miƙe sosai, sai ya ɗan karkata shi zuwa gefen da yake so ruwa ya bi, ya kewaye bakin da rawani don kada ruwan ya kwarara ta ko'ina ya zaizaye bango. A jikin rawanin ake huda kafa, a sa indararo. Na dā ana fafe shi daga itacen giginya ko kuma masu ginin tukwane su gasa shi da yumɓu, daga baya maƙeran fari suka riƙa naɗa shi da kwano. Hikimar indararo tana cikin tsawonsa, domin in ya yi gajere ruwan zai zuba a gindin katanga ya cinye ta daga ƙasa, kuma katangar da gindinta ya ciwu ba ta da magani sai rushewa. Masu hali sukan shafe saman soro da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, su yaɓe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, kuma kowace shekara kafin ruwan farko a hau a duba tsaga, a share kafar indararo, domin ganye ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta isa ta mai da saman ɗaki tafki.

Idan ruwa ya sauka tsakar gida, sai ya bi gangaren da aka yi masa ya fita ta rariya a gindin katanga, ya haɗu da na maƙwabta a lungu, lungu ya miƙa shi ga hanya, hanya ta kai shi kududdufi. A nan ne, a ganina, asirin tsarin yake, kuma asiri ne wanda ba wani sarki ya zana shi ba, sana'ar gini ce ta haife shi. Kududdufi dai ba kome ba ne face ramin da aka haƙi ƙasar da aka yi tubali aka gina unguwa. Da yake ƙasa abu ce mai nauyi, a kan jaki ake ɗaukar ta da mangala, ba wanda yake son ya ɗebo ta daga nesa, sai kowace unguwa ta sami raminta a kusa da ita, galibi a wuri mai kwari inda ƙasa take da danƙo. Ma'anar wannan ita ce, gwargwadon yawan ɗakunan da aka gina, gwargwadon faɗin ramin da aka bari. Duk soron da ya ƙaru yana zubar da ruwa, to ƙasar da aka gina shi da ita ta riga ta bar wa wannan ruwan mazauni. Kuma tun da kowace bazara sai an koma an haƙi ƙasar yaɓe da gyaran katanga, ramin yana samun yasa a daidai lokacin da ya fi bukata, gab da faɗuwar damina. Haka ita ma ganuwa, ƙasar da aka tayar da ita ta bar gwalalo a bayanta mai karɓar ruwa.

Masu kiwon kifin teku da murjani a cikin akwatin gilashi a ƙasashen Turai da Amurka suna da wani tsari mai kama da wannan. Sukan yi wa akwatin baki a sama wanda ruwa ke tumbatsa ta cikinsa, ya gangara ta bututu zuwa wani akwati na biyu a ƙasa, inda datti yake kwanciya a tace shi, sa'an nan famfo ya mayar da ruwan zuwa akwatin sama. Sharaɗin da gwanayensu ba sa wasa da shi kuwa shi ne kada a cika akwatin ƙasa, a bar masa sarari wanda zai ɗauke ruwan da zai sauko in wuta ta ɗauke. Kududdufi ma amfaninsa na farko yana cikin zamansa wayam a ƙarshen rani. Idan ya cika, laka da tarkace sukan kwanta a gindi, ruwan ya riƙa tsatsafowa sannu a hankali cikin rairayi, wanda yake tace shi, har ya isa ga ruwan da rijiyoyi suke sha daga gare shi. Shi ya sa masu haƙar rijiya suka san cewa ta kusa da kududdufi ba ta cika zurfi ba, kuma takan daɗe ba ta janye ba. Abin da ya rage a sama kuma ba ya tafiya a banza: magina suna kwaɓa da shi, ana shayar da dabbobi, ana ban-ruwan ɗan lambu a gefe, bado da kainuwa suna rufe fuskarsa, tarwaɗa tana girma a ciki, ita kuwa gaiwa, in ruwa ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta kwanta har wata daminar.

Shari'a ma ba ta bar wannan fage ba. Ɗalibin da ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya san cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da najasa ba a tsarki da shi, alhali wanda ƙasar da yake zaune a kanta ce ta sauya shi yana nan da hukuncinsa, kuma wannan bambanci shi ne ya raba wa mutane tsakanin ruwan randa da na kududdufi tun kafin a san ƙwayar cuta. Fukaha'un Malikiyya kuma sun yi dogon bayani a kan haƙƙin maƙwabtaka bisa ƙa'idar hana cuta da cutarwa, har wani magini na Tunis, Ibnur Rami, ya wallafa littafi a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini, wanda a cikinsa ya yi magana a kan magudanai da ruwan sama. A garuruwanmu, mutum ba ya juya indararonsa ya zuba a jikin katangar wani, ba ya toshe rariyar da ta riga shi, in kuwa aka yi saɓani sai mai unguwa da Sarkin Magina su je su gani da ido kafin magana ta kai gaban alƙali.

Ba zan ɓoye aibin kududdufi ba, domin yana da shi, kuma mai nauyi ne. Turawa matafiya, Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya biyo baya a 1851, duka sun ambaci ruwayen da ke kwance a cikin birnin da illarsu ga lafiya, kuma abin da suka gani a Kano haka yake a sauran biranen Hausa. Sauro a nan yake haihuwa, tsargiya a nan yara suke ɗauka wajen wanka, kurkunu kuwa ya kwantar da manoma a tsakiyar damina saboda shan ruwan tafki, ba a tabbatar da rabuwar Nijeriya da shi ba sai a 2013. Iyaye da yawa kuma sun yi kukan ɗan da ya tafi iyo bai komo ba.

Sauye-sauyen mulki ba su taɓa wannan tsari ba ƙwarai. Malam Ishaku, mai tutar jihadi, ya ci Daura a 1805, sarautar Haɓe ta koma Zango da Baure, Turawa suka zo suka mai da Malam Musa kan gadon kakanninsa, amma duk wannan zamani ruwa yana bin hanyarsa ta dā. A cikin dogon mulkin Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, ne sababbin abubuwa suka fara shigowa: duba-gari masu farautar kwantaccen ruwa, rijiyoyin En'e masu ɗaurin siminti, da rufin kwano. Bayan fari na shekarun 1972 zuwa 1974 hankalin hukuma ya karkata ga madatsun ruwa da rijiyoyin burtsatse, ƙasar Daura ta sami madatsu irin su Daberam da Sabke, haka kuma da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 gari ya buɗe, ya tsallake ganuwa ta kowace kusurwa.

Abin da ya yanke igiyar da ta ɗaure gini da rami shi ne bulo. Gidan bulo da siminti, yashinsa daga wani rafi mai nisa ake kawo shi a tifa, saboda haka yana ƙara rufi a gari ba tare da ya ƙara wa ruwa mazauni ba. Kwano kuma ba ya riƙe ɗigo, tsakar gida an malale ta da siminti, titi an shafe shi da kwalta. Lissafin a fili yake: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, in aka yi ruwa na milimita 50, zai zubar da lita 5,000, watau jarka 200 irin ta 'yan garuwa, daga gida ɗaya a dare ɗaya. A daidai wannan lokaci kuma kududdufin da magina suka daina yasa ya zama juji, leda ta shimfiɗu a gindinsa ta hana ruwa nutsewa, daga bisani a cike shi a yanka filaye a sayar. Wanda ya gina a wurin yakan sha mamaki in Agusta ta zo ruwa ya shigo masa ɗaki, alhali lungunan unguwar duka tun asali can suka karkata. Kwalbati da lambatu da ake ginawa suna da amfani, amma aikinsu shi ne su fitar da ruwan daga gari da sauri, ruwan da aka fitar kuwa ba ya komawa rijiyar kowa, ga shi kuma masu burtsatse suna ta zuƙa daga ƙasa.

Kududdufan da suka rage a Daura da Zango da Mai'aduwa da Sandamu da Baure sun cancanci a auna su, a rubuta su a littafin filaye da sunan wuraren maslahar jama'a waɗanda ba a sayarwa, a kewaye su saboda yara, a hana zubar da shara da ruwan masai a cikinsu, a kuma sa wa yasarsu lokaci a kowace bazara, tun da maginan da suke yin ta kyauta a dā yanzu bulo suke ɗorawa.