Waɗanda Suka Fāɗi A Kartaj

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya kafa doka cewa kowa a mulkin Roma ya miƙa hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. A birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, waɗansu masu bi suka ƙi, aka jefa su kurkuku, waɗansunsu suka mutu. Da yawa kuwa suka miƙa hadayar, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi.

Da tsananin ya lafa, sai ga waɗanda suka fāɗi a ƙofar ikkilisiya suna roƙo a karɓe su. Mu tuna da gwauruwar da mijinta ya mutu a kurkuku. Za ta ci Jibin Ubangiji tare da maƙwabcin da ya ƙona wa gunki turare? Ba ma ganin laifinta in ta yi gunaguni irin na ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20.

A Roma, Nobatiyan ya ce a rufe musu ƙofa har abada. Amma a 251 Bishop Sifiriyan na Kartaj ya tara bishop-bishop, suka yarda a karɓi masu sayen takarda idan sun tuba, masu hadaya kuwa sai a bakin mutuwa. Ba a daɗe ba aka ji ƙishin-ƙishin sabon tsanani, sai suka buɗe ƙofa ga dukan masu tuba, domin ba a tura soja yaƙi hannu wofi.

Sifiriyan kansa ya ɓuya a 250, aka yi ta zarginsa. A 258 aka fille masa kai saboda sunan Yesu.