Kaza da 'Ya'yanta Suna Nan, Sauran Sama Na Gudu

Duk wanda ya taɓa kwana a gonakin Simsim, kudu da Gadarif, a daren da babu farin wata, ya ga sama yadda take. Baƙar laka ce shimfiɗe iyakar ganinka, ba hasken birni, sai fitilar tarakta ɗaya can nesa tana rarrafe. Sunan wurin ma ridi yake nufi da Larabci, kuma ridi ba ya yafe wa wanda ya yi kuskuren lokaci: ka makara wajen shuka ruwa ya bar ka, ka makara wajen yanka kwanso ya fashe, arzikin shekara ya zube ƙasa. Shi ya sa manomin nan yake ɗaga kai sama tun kafin a ƙirƙiro rediyo.

Hausawan da suka zauna a wannan yanki, wasu a kan hanyar Makka, wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da lissafinsu na taurari 28. Kowane tauraro kwana 13 ne, ban da Jabha mai 14, jimla 365. Da suka iso sai suka tarar Larabawan Sudan suna aiki da lissafin nan ɗaya, suna kiran kowane zango "ina". Mu mu ce Zira'a da Nasara, su su ce Dura'a da Natra. Ɗarfa da Jabha kuwa kusan bakinmu ɗaya. Ilmin yana da malamansa. Muhammadu al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina da ya yi rubutu a kan taurari da hatimai, ya tafi hajji ya zarce Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne.

Wannan lissafi duka a kan amana ɗaya ya tsaya: sama ba ta sake tsari. Inda Kaza da 'ya'yanta suka fito wa kakanka, nan za su fito wa jikanka. Kada mai karatu ya ɗauka wannan tunanin ƙauye ne. Albert Einstein kansa haka ya yarda. A 1917 lissafinsa ya nuna masa cewa sararin samaniya ba zai zauna cik ba, ko dai ya buɗe ko ya tsuke. Abin bai kwanta masa ba, sai ya cusa wata lamba a lissafin, wadda aikinta turawa ne, don ta tokare ƙarfin da ke jawo abubuwa wuri ɗaya.

Tokarar ba ta daɗe ba. Tun 1912 Henrietta Leavitt, wadda aikinta a Harvard duba hotunan sama ne a kan gilashi, ta gano wasu taurari masu ƙyaftawa waɗanda tsawon ƙyaftawarsu ke faɗin ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ƙarfin fitila, dushewarta za ta gaya maka nisanta, kamar yadda ɗan gona ke kintatar nisan tarakta da dare. Da wannan mudun Edwin Hubble ya auna wani ɗan tabo mai kama da gajimare, wanda Abdurrahman al-Sufi ya rubuta labarinsa a Farisa tun 964. Ashe Andromeda ce, garken taurari mai zaman kansa, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5 daga namu garken. Shi kuma Vesto Slipher ya riga ya lura cewa hasken yawancin irin waɗannan garkuna ya karkata zuwa ja, alamar suna nisantarmu, kamar yadda ƙahon babbar mota ke yin kauri idan ta wuce ka. Georges Lemaître, limamin coci ɗan Beljiyam, ya haɗa biyun a 1927, Hubble ya fitar da nasa a 1929: gwargwadon nisan garke, gwargwadon gudunsa.

A nan mutane kan ruɗe, su zaci mu ne a tsakiya kowa ke gudunmu. A'a. Ka barbaɗa ridi a ƙullin burodi ka bar shi ya tashi. Kowace ƙwaya za ta ga sauran suna nisantarta, na nesa sun fi sauri, alhali ba wadda ta motsa daga inda ta maƙale. Ƙullin ne ke kumbura. Einstein ya janye lambarsa, kuma kusan shekara 70 tambayar da ta rage ita ce yaya kumburin ke raguwa, tunda nauyi jawowa yake yi. Dutsen da ka jefa sama dole gudunsa ya ragu.

Ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna suka fita auna wannan raguwa, ɗaya ƙarƙashin Saul Perlmutter, ɗayar da Brian Schmidt da Adam Riess. Fitilarsu wani nau'in tauraro ne da ke tarwatsewa da haske kusan iri ɗaya a ko'ina. A 1998 duka biyun suka sami abin da ba shi suka je nema ba: taurarin nan sun fi dushewa, wato sun fi nisa, fiye da yadda ya kamata. Dutsen da aka jefa ƙara gudu yake yi. Ni a ganina, da ƙungiya ɗaya ce ta faɗi haka da an ce ta koma ta duba na'urarta. Kishiyoyi biyu da suka zo da magana ɗaya su suka sa aka saurara. Mutanen uku sun karɓi kyautar Nobel a 2011, lambar da Einstein ya yar kuma aka koma aka tsince ta.

Abin da ke turawar an raɗa masa suna "ɓoyayyen ƙarfi", amma suna linzami ne kawai, bai faɗi asalin doki ba. Ƙiyasin yau shi ne sararin ya shekara biliyan 13.8, saurin ya fara ƙaruwa kimanin shekara biliyan 5 zuwa 6 da suka wuce, kuma wannan ƙarfi ya kai kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke akwai. Kashi 27 wani ɓoyayyen nauyi ne da ake ganin aikinsa ba a ganinsa. Ridi da laka da mutum da rana da dukan taurari 28, su ne kashi 5.

Wurin da ya fi ɗaure wa masana fiziks kai shi ne, ilminsu na ƙananan ƙwayoyin halitta ya ce ko fili wayam yana da ƙarfi a cikinsa. To, wataƙila shi ne mai turawar. Amma da aka lissafa yawansa, sai amsar ta zarce abin da aka auna a sama da ninki 1 mai sifili kusan 120 a bayansa. Dillalin da ya yi kuskuren sifili ɗaya a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya gama sana'a; wannan kuskure kuwa yana nan a littattafai, ba wanda ya warware shi. Saurin kumburin na yanzu ma ba a daidaita ba. Masu auna tsohon hasken da ya rage daga farkon sararin, wanda Penzias da Wilson suka gano a 1965, suna samun kimanin kilomita 67 a daƙiƙa ga kowane nisan shekarun haske miliyan 3.26, masu bin hanyar Leavitt suna samun 73. Ga kuma na'urar DESI da ke Arizona, wadda sakamakonta na 2024 da 2025 ya nuna alamar cewa ɓoyayyen ƙarfin yana iya raunana da zamani. Alama ce, ba a yanke hukunci ba.

Manomin Simsim ba abin da wannan zai taɓa masa. Kaza tana cikin garkenmu, nisan shekarun haske kusan 440, kuma nauyi ya ɗaure garken tamau, kumburi ba ya shiga tsakaninsa. Abin da ke gusar da lissafinsa daban ne: layin da ƙasa ke yi kamar katantanwa, mai jinkirta fitowar taurari da kwana ɗaya a kimanin shekara 72. Andromeda ma matsowa take yi, ba gudu ba.

Sauran garkunan ne za su tafi. In lambar Einstein ce gaskiya, bayan kimanin shekara biliyan 100 duk waɗanda ba su ɗaure da namu ba za su yi nisan da haskensu ba zai ƙara isowa ba. Wanda ya kafa madubin hangen nesa a wannan zamanin zai ga garke ɗaya tal, duhu kewaye da shi, ya auna da kyau, ya rubuta abin da Einstein ya rubuta a 1917.