Waƙoƙin tsibiran Karibiyan a idon manazarta

An shafe shekaru da dama ana taƙaddama a kan rubutattun waƙoƙin Turanci na tsibiran Karibiyan, kuma tushen taƙaddamar shi ne harshe: da Turancin makaranta ya dace a rubuta waƙa, ko kuwa da irin wanda talaka ke magana da shi?

A zamanin mulkin mallakar Burtaniya, da ma'aunin waƙoƙin Ingila ake auna mawaƙan yankin. Shirin BBC mai suna Caribbean Voices, wanda aka gabatar daga 1943 zuwa 1958, ya fito da da yawa daga cikinsu, amma a birnin Landan ake tace ayyukan nasu.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana kallon Louise Bennett ta Jamaika a matsayin mai barkwanci kawai, saboda da karin harshen ƙasarta take waƙa. Sai a shekarun 1960 ne manazarci Mervyn Morris ya rubuta maƙala yana kira da a ɗauki waƙoƙinta da muhimmanci.

Walcott da Brathwaite

Daga nan ne masu sharhi suka rabu gida biyu.

Wasu sun fifita Derek Walcott na tsibirin Saint Lucia, wanda ya naƙalci salon mawaƙan Turai. Wasu kuma suka bi bayan Kamau Brathwaite na Barbados, wanda ya yi aikin ilimi a Ghana daga 1955 zuwa 1962, ya kuma shigar da amon ganga da tarihin Afirka cikin baitocinsa.

Muhawarar ta yi zafi a 1971, lokacin da mawaƙi Eric Roach ya caccaki wani kundin waƙoƙi da mujallar Savacou ta fitar, shi kuma Gordon Rohlehr ya mayar masa da martani.

Sai dai manazarta na baya-bayan nan na ganin an zuzuta bambancin, domin shi ma Walcott ya yi amfani da karin harshen tsibiran.

Karɓuwa a duniya

Walcott ya samu lambar yabo ta Nobel a 1992, shekaru biyu bayan fitowar doguwar waƙarsa, Omeros.

A 2002 kamfanin Penguin ya sanya waƙoƙin Linton Kwesi Johnson, haifaffen Jamaika, cikin jerin fitattun littattafansa na zamani, duk kuwa da cewa da karin harshen da aka raina a da ya rubuta su.