Daga Zarto Zuwa Inji: Kuɗin Tsagar Katako a Muda Lawal

Wanda ya nufi layin 'yan katako a Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, kunnensa ne ke fara shaida masa ya iso, kafin ƙura ta hau masa riga. Kafintocin gari ba kowa ke da injin tsaga ba. Mutum zai sayi falankinsa, ya kai wa mai inji, a tsaga masa tu-bai-tu ko tu-bai-fo, a goge, ya biya, ya ɗora a amalanke.

Da ba haka abin yake ba. Kafinta da zartonsa ne da ƙarfin damtsensa, falanki ɗaya kan ci masa hantsi guda. Da Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, gine-gine suka tashi, rufin kwano ya ture soro, makarantu na neman benci, ofisoshi na neman tebur. Zarto ya gaza. Inji kuwa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin kafinta, sai mai hali ya saya, kowa ya riƙa kawo aikinsa. Kuɗin ma ba shi da wuyar lissafi: a ƙirga layin da aka tsaga, a duba kaurin itacen da taurinsa. Tsagar maɗaci ba ɗaya take da ta farin katako mai laushi ba, domin mai tauri yana cin haƙorin zarto.

Tun daga nan, tarihin farashin nan tarihin wuta ne. NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da harkar rarraba wuta, Bauchi ta faɗa hannun kamfanin Jos. Suna ya yi ta canzawa, mai inji kuwa bai rabu da janareta ba, har aiki ya zama farashi biyu, na lokacin da akwai wuta da na lokacin da aka ɗauke. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, kuɗin dakon katako daga kudu ya yi sama. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kowane karo sai an sake ciniki. Mai inji ya ce, "Maigida, mai ne ya tashi." Kafinta ya ce shi ma ya riga ya yi jinga da mai aiki. A ja, a saki, a daidaita.

Abin da nake gani shi ne, a duk wannan lissafi ana sa mai, ana sa wasa zarto, ana sa ladan yaro, amma ba a cika sa yatsun yaron ba. Koyon inji har yau da ido ake yi. Yaro ya fara da sharar garin katako, ya koma karɓar falanki a bayan inji, wata rana maigida ya tafi masallaci sai ga shi a gaba. To, ido ba ya koya wa mutum cewa katako na iya tokare zarto ya dawo da ƙarfi ya doki ƙirji, ko cewa tsohuwar ƙusa a cikin falanki na iya fizgo haƙori. Doguwar riga ma, da muke ƙauna, abokiyar gabar bel ce. Ga garin katako jibge kusa da jarkar mai da wayoyin da aka ɗaure da leda, a kasuwar da ta san gobara.

Doka tana nan. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce a rufe sassan inji masu haɗari, kada kuma a sa wanda ba a horar ba a kansu. Dokar diyyar ma'aikata ta zo a 2010. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 don horar da ma'aikata, hedikwatarta na nan Jos, tafiyar awa biyu daga Bauchi.

Shugabannin 'yan katako, idan an zauna yanka sabon farashi, a ware ko naira ashirin ce daga kowane aiki. A sayi murfin zarto, da tabarau, da abin kashe gobara, a kuma hana yaro taɓa makunni sai wani babba ya gwada shi a gaban jama'a.