Daga Shizuoka Zuwa Magami: Tarihin Ƙaramar Mota

'Yan'uwa marubuta, wannan makon za mu waiwayi wata mota da ba ta taɓa shan mai ba.

A birnin Shizuoka na Japan akwai kamfanin Tamiya. Da yankan katako ya fara a 1946, ya koma sassaƙa kayan wasa na itace, wajen 1960 kuma ya shiga roba. Shi da irinsu Hasegawa suna sayar da tsofaffin Datsun da Toyota a kwali, gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna da gam da fenti ya harhaɗa. An ƙanƙanta komai sau 24, motar mita huɗu ta dawo tsawon tafin hannu. Sun ajiye tarihin motocinsu ke nan.

Motocin ba baƙinmu ba ne. Datsun 120Y ta fito a 1973, ba a jima ba kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ta yi gogayya da Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Yaron Magami, ko na Tsafe da Bungudu, ba shi da kwali. Sai ranar kasuwa yake ƙare wa mota kallo, ya koma gida ya samo karan dawa da reza. Totuwa ce gangar jiki, ɓawon kara shi ne ƙusa, a yanko tsohon silifas a yi taya. Masu zalaƙa har ƙofa mai buɗewa suke yi. Wanda ya gwanance ya koma langa-langa da gwangwanin madara, ƙanne na biye da shi suna roƙon tuƙi.

Sai dai motar kara ba ta ganin damina biyu. Gara ta ci, ko inna ta hura wuta da ita. Motocin roba na Sin sun cika kasuwa, ga waya a hannun yara, ga rashin tsaro da ya hana noma gonaki da yawa a hanyar Ɗansadau, inda karan yake fitowa.

Mu kuwa a littattafanmu jarumi kullum cikin dalleliyar mota yake, ba mu cika nuna shi yana yaro da yankan reza a yatsa ba. Waɗanda suka ƙera motar kara a zamanin 120Y yau sun haura hamsin, suna nan a majalisun unguwanninmu. Kafin mako mai zuwa, kowa ya samu ɗaya ya tambaye shi yadda ake ɗaura sitiyari.