COCIN ƘASA NA WUSASA

Ni Musulma ce, a Barnawa aka haife ni, kuma tun rikicin 2000 na taso na tarar kogin Kaduna ya zama iyaka: Musulmi sun yi ta ƙaura zuwa arewacinsa, Kiristoci zuwa kudu. Mu da muka rage a nan, da ka buɗe baki da Hausa an gama yanke maka addini. Ni ma haka na ɗauka, sai da bikin wata ƙawata ya kai ni Wusasa, a gefen Zariya.

Can ta ja hannuna ta ce, "Zo ki ga inda kakannina suka yi sujada." Wallahi da na shiga na zaci soron wani basarake ne. Ginin ƙasa ne zalla, bango mai kauri, ga bakan gizo ya tashi daga ƙasa ya haɗu a sama, irin hannun maginan Zazzau da ya ɗaukaka tun aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na birni. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar randa. Wannan shi ne cocin St. Bartholomew.

Asalinsa daga 'yan mishan na C.M.S. ne. A 1900 ayarinsu ya isa Kano, cikinsu har da Likita Mila, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 Mila ya zauna cikin birnin Zariya, yana magani yana koyarwa. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa sarauta da Turawan mulki a rai ba, don haka aka fitar da su bayan ganuwa, zuwa gindin dutsen Wusasa. A 1929 aka gina cocin, a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, da aikin Mila a ciki. Wasu daga masu ibadar farko Isawa ne, Hausawan da suka girmama Annabi Isa tun Bature bai zo ba. Garin nan ya raini Likita R.A.B. Dikko da Janar Yakubu Gowon.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a Ingila cocin ƙauye da dutse ake yinsa, ya shekara ɗaruruwa. Na ƙasa kuwa ba ya jure sakaci. In damina ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, sai ya fara zubewa. Ke nan kusan shekara ɗari ana samun masu kwaɓa ƙasa dominsa.

Da muka fito, kakar amarya ta riƙe ni tana cewa, "'Yar nan, kin yi azahar kuwa?" Na ce a'a, Kaka. Ta sa aka kawo mini buta da tabarma, ta nuna mini gabas.